Ganyen Zoɓo Yana Magana: Jawabin Malamin Gona

Wannan jawabi ne da malamin gona ya yi wa ɗaliban ajin yaƙi da jahilci a kan renon zoɓo, wato yakuwa. An kawo shi nan don manoma su karanta, su kuma karanta wa maƙwabta.

Malamin ya ce a da zoɓo abin gefen gona ne. Mata kan yi miya da kwaɗo da ganyensa, su yi daddawar batso da gurguzunsa. Yanzu kuwa ya zama abin kuɗi. Jihar Jigawa ta yi suna wajen nomansa. Fatake na sayensa a kasuwanni irin su Maigatari, ana kai shi har ƙasar Meksiko. Saboda haka wanda ya bar zoɓonsa ya lalace, kuɗinsa ya zubar.

Yadda ake renonsa

Ya ce zoɓo na son jigawa, inda ruwa ba ya kwanciya. A shuka shi idan damina ta zauna, a watan Yuni ko Yuli. A sa ƙwaya 3 ko 4 a rami, zurfin gaɓar yatsa ɗaya. A bar kamar taku biyu tsakanin rami da rami. Bayan mako 2 ko 3 a rage, a bar biyu masu ƙarfi. A yi noman firi da wuri, domin ciyawa ta fi cutar zoɓo yana ƙarami. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abin da ganye yake faɗa

Malamin ya ce shuka ba ta da baki, ganye ne bakinta. Manomi ya riƙa zagaya gonarsa da safe, sau biyu a mako. Ya riƙa juya ganye yana duba bayansa, domin can ƙwari suke ɓuya.

1. Idan ganyen ƙasa ya yi rawaya, na sama yana kore, a taɓa ƙasa. In ba ta jiƙe sharkaf ba, yunwa ce. A sa ruɓaɓɓen taki, ko ɗan takin zamani nesa da gindi, a rufe. Kada a cika, don taki mai yawa ganye yake sawa, ba 'ya'ya ba.

2. Idan ganye ya yi rawaya, ya yi yaushi, ga kuma ruwa kwance, to saiwa ce ta shaƙe. Taki ba zai yi magani ba. A buɗe wa ruwa hanya, a ja ƙasa a gindi.

3. Idan ganye ya yi ƙananan huji kamar rariya, aikin wasu ƙananan ƙwari ne masu tsalle. Su ne ke cin kuɓewa da rama. A barbaɗa toka da sassafe, tun raɓa ba ta bushe ba.

4. Idan ganye ya nannaɗe, ko ya yi danƙo tururuwa na hawa, a duba bayansa. Za a ga kwarkwatar ganye, ko farin ƙuda, ko wasu ƙwari kore. Ruwan ganyen suke tsotsa. Farin ƙuda kuma yana yaɗa cutar nannaɗewar ganye. Shukar da ta tsumbure da wannan cuta ba ta warkewa. A tumɓuke ta.

5. Idan shuka ta yi yaushi alhali akwai laima, a cire ɗaya a duba. In gindin ya yi baƙi ya ruɓe, cuta ce a ƙasa. In saiwa ta yi ƙulli-ƙulli, wasu tsutsotsi ne da ido ba ya gani. A ƙone irin waɗannan. Baɗi a shuka gero ko dawa a wurin. Kada a sa kuɓewa, rama ko auduga, don danginsa ne, cutarsu ɗaya.

Ya ƙara da cewa jan kara da jan jijiyar ganye ba cuta ba ne. Haka zoɓo yake.

Maganin da ke bakin ƙofa

Malamin ya ce a samu busassun 'ya'yan dogon yaro, wato darbejiya, rabin kilo. A daka, a jiƙa a ruwa lita 10 ya kwana. Da safe a tace da ƙyalle, a sa ɗan sabulu. A fesa da yamma, har bayan ganye. A maimaita bayan kwana 7.

Wani ɗalibi ya tambaya ko zai iya fesa maganin kanti. Malamin ya ce kada ya fesa sai ya san abin da ke damun shukar. Maganin ƙwari ba ya maganin yunwa, ba ya maganin ruwa. Kuma ganyen nan iyali ke ci. Duk wanda ya fesa, ya karanta takardar jikin kwalba, ya ga kwana nawa za a jira kafin a tsinki ganye. Kada a bar yara su taɓa kwalbar.

A ƙarshe ya ce wanda abin ya shige masa duhu, ya tsinko ganyen, ko ya ciro shukar da saiwarta, ya kai wa malamin gona na yankinsa. Rigakafi ya fi magani.