JAWABI A KAN SAYEN FALAKET DA FAIFAN BIRKI NA AKORI-KURA

Iyayenmu dattawa, Allah ya ƙara girma. Ƴan uwa ƴan ci-rani, barkanku da zuwa gida.

Shugabannin ƙungiya sun nemi in yi magana a kan birki, saboda da yawanku kun haɗa kuɗi kun sayi akori-kura kun bar ta gida, tana jigila tsakanin Gidan Rumji, Maraɗi, Cadawa, Agye da Gazawa. Ran kasuwa ana loda mata gero da wake da aya, mutane su hau bisa kaya. Waɗannan mutanen iyayenmu ne da matanmu da ɗiyanmu. Idan direba ya aiko cewa birki ya cinye, ku san abin da za ku saya.

Na farko, ku san motarku. Fijo 504 da aka daɗe ana haɗawa a Kaduna, inda masana'antar ta fara aiki a 1975, da yawancin Toyota Hilux, faifai ne a ƙafafunsu na gaba, ganga a baya. Falaket ita ce ke matse faifan nan, kuma gaba ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayawa. Hilux iri-iri ce, falaket ɗin wata ba ta shiga wata. Ku tafi kanti da tsohuwar falaket a hannu, da lambar shasi mai harufa da lambobi 17 da ke cikin takardar mota.

Na biyu, yaushe za a sake? Sabuwar falaket kaurinta kamar milimita 10 zuwa 12 ne. In ta sauko milimita 3, a cire ta. Wanda ya jira sai ya ji ƙarfe na cin ƙarfe, to faifai ma ya tafi, kuɗi sun ninka. Mu nan rairayi da ƙurar hunturu suna cin falaket da wuri, don haka a duba ta duk lokacin da aka sake man inji.

Na uku, wace iri? Ga motar kaya, a ɗauki mai haɗin ƙarfe. Tana da ɗan ƙara, tana cin faifai kaɗan, amma tana jure zafi. Mai taushi ta ƙananan motoci, in ta yi zafi da lodi sai ta daina kamawa, direba na takawa mota na tafiya. Akwai sanannun sunaye kamar Bosch da Ferodo da TRW, amma jabu ma da sunan nan take zuwa. Ku nemi alamar R90 a kwali da bayan falaket, ku duba ko fuskar ta manne da ƙarfen bayanta sosai, ba tsaga. In kuɗin sun yi araha fiye da hankali, ku bar ta. Araha ba ta ado. Falaket okaziyo kuwa kada a saya ko kyauta ce.

Na huɗu, faifai. A jikinsa an buga MIN TH da lamba, wato iyakar kaurin da zai iya aiki da shi. Bakanike ya auna a gabanku. In ya kai lambar, ko ya tsage, ko sitiyari na rawa lokacin taka birki, a duba batun sake shi. Kankare faifai wajen mai injin ƙarfe yana yiwuwa, muddin bai wuce lambar ba. In na asali mai ramukan iska ne a tsakiya, irinsa za a sa.

Na biyar, ba a sake ƙafa ɗaya. Hagu da dama tare, in ba haka ba mota za ta ja gefe guda, a kan kwalta kuwa gefen nan akwai amalanke da jakuna da ƴan makaranta.

Direbobi da karnukan mota, ga naku. A wanke man da ke jikin sabon faifai kafin a ɗaura. Kada a hura ƙurar birki da baki, tana cutar da huhu. Bayan ɗauri a taka birki sau da yawa har ya yi tauri kafin a motsa. Kilomita 200 na farko a bi a hankali. Man birki DOT 3 ko DOT 4, yadda aka rubuta a murfi, a sake shi duk shekara 2, don yana shan ruwa. Ku tuna kuma, in gudu ya ninka biyu, nisan tsayawa huɗu yake ninkawa.

Shawarata ga ƙungiya, duk mota a ware mata kuɗin birki daga cinikin kowane mako, a ajiye wajen dattijo guda, a riƙa kawo tsohon kayan da aka cire a gani.

Allah ya kiyaye hanya, ya mai da kowa gida lafiya.