Zumuntar Likitocin Zuciya Da Hanyoyin Sadarwa Na Zamani



A shekarar 1974 ne aka fara buɗe zuciyar ɗan Adam don yi mata aiki a Nijeriya, a asibitin koyarwa na Inugu, inda Farfesa Magdi Yacoub ya haɗa hannu da likitocin ƙasa. Tun daga lokacin aka gane cewa wannan aiki ya fi ƙarfin asibiti ɗaya, domin kuwa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Cutar da ta fi kai matasan Afirka ga wannan tiyata kuwa, asalinta ciwon maƙogwaro ne. Ƙwayar cuta kan kama yaro, in ba a yi masa magani ba sai zazzaɓi ya biyo baya, a hankali ƙyauren ƙofofin zuciya ya lalace. Allurar penisilin kan tare wannan ɓarna tun ba a kai ga wuƙa ba.

Binciken REMEDY, wanda aka buga a 2015, ya tattara bayanin majinyata 3,343 daga asibitoci 25 a ƙasashen Afirka 12, har da Nijeriya, da kuma Indiya da Yaman. Ya nuna cewa akasarinsu matasa ne, mata kuma sun fi yawa. Irin wannan haɗin guiwa ne Facebook da WhatsApp suke sauƙaƙawa, wato likitan Sakkwato ya tuntuɓi takwaransa na Kano nan take, a kuma jawo sababbin asibitoci cikin ƙungiya.

Amma fa akwai gyara. Abin da ake yaɗawa yawanci da Turanci ne, daga likita zuwa likita. Yaron Giyawa mai kumburin ƙafa da haki, wanda iyayensa suka ɗauka sammu ne, ba zai shiga lissafin kowa ba sai ya isa asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Wanda bai shiga lissafi ba kuwa, ba a yi masa tanadi.

Ƙasar nan ba baƙuwa ba ce ga maganin wannan matsala. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda kabarinsa ke Wurno, ya yi rubuce-rubuce a kan ilmin likitanci. 'Yar'uwarsa Nana Asma'u kuma ta naɗa jajoji masu kai ilmi ga matan karkara da harshen da suke ji.

Saboda haka wajibi ne ɗalibai da ma'aikatan Goronyo, Rabah da Wurno su zama jajojin wannan zamani. A mayar da sakamakon bincike saƙon murya da Hausa, likita ya tantance shi kafin a tura, domin marar karatu ma ya ji. Sai dai a kiyaye amana: kada a watsa hoton majinyaci ko sunansa ba da yardarsa ba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin. Wassalamu alaikum.