Matatar Imel da Makin da Take Bayarwa



An nemi in bayyana dalilin da ya sa sanarwar ƙungiya kan faɗa kwandon shara na akwatin imel, alhali saƙon ɗan damfara na isowa lafiya lau.

Matatar imel tamkar malami ce mai duba takardun jarrabawa, sai dai makinta a juye yake: wanda ya tara da yawa shi ne ya faɗi. Manhajar SpamAssassin, wadda ta fito a 2001, tana auna kowane saƙo da ɗaruruwan ƙa'idoji. Kan saƙo da aka rubuta da manyan baƙaƙe zalla yana jawo maki. Adireshin shafin da aka riga aka sani da zamba yana jawo fiye da haka. Idan jimilla ta kai 5, wadda ita ce iyakar da manhajar ta zo da ita, sai a buga wa saƙon tambarin shara.

Wannan iyaka a hannun mai kula da imel take. In ya sauke ta ƙwarai, sanarwar tantance 'yan fansho na iya ɓacewa, dattijo ya rasa haƙƙinsa bai ji ba bai gani ba. In ya ɗaga ta ƙwarai, saƙon da ke neman lambar BVN ɗinka zai shigo da rigar mutunci.

Shawarata uku ce. Ta farko, a sa iyaka biyu: saƙon da ya kai 5 a keɓe shi, sakatare ya duba kowane mako, wanda makinsa ya yi nisa ƙwarai kaɗai za a mayar tun daga ƙofa. Ta biyu, kada a yarda da saƙo don sunan da ke kansa, domin suna abu ne mai sauƙin ara. A saita wa adireshin reshe SPF da DKIM da DMARC, waɗanda ke shaida inda saƙo ya fito. Tun Fabrairun 2024 Gmail ya wajabta duka ukun ga mai aika saƙo 5,000 a rana. Ta uku tamu ce duka: wanda ya tsinci sanarwarmu a shara, ya danna alamar cewa ba shara ba ce, domin da irin wannan gyara matatar ke koyo.