Bayan Wuƙar Likita, Sai Me?

Karatu: Yahaya 5:1-15

 

Wata 'yar'uwa daga nan Jalingo ta rubuto mana wasiƙa. Ta ce ƙiba ta dami maigidanta, ga ciwon sukari, ga hawan jini. Suka sayar da fili, aka kai shi ƙasar waje, aka yi masa tiyatar rage tumbi. Ya dawo lafiya, nauyi yana ta raguwa. Amma yau wata biyar ke nan, daga gado sai kujera. In ta ce ya fita ya taka, sai ya ce ai likita ya gama aikin. Tana tambaya, me za ta yi?

'Yar'uwa, a irin wannan aiki likitoci sukan yanke wajen kashi 80 cikin 100 na tumbin, domin mutum ya ƙoshi da abinci kaɗan. Amma sa'ad da jiki yake zubewa da sauri, ba kitse kaɗai ne yake tafiya ba, har da tsoka. Wanda ba ya motsa jiki zai rame, ya kuma rasa ƙarfi. Shi ya sa tun a asibiti ake ta da mutum ya taka, don kada jini ya daskare a jijiyoyin ƙafa.

Ƙibar kuma tana iya dawowa. Kun san Maradona, wanda ya ci wa Ajantina kofin duniya a 1986. An yi masa aikin rage ƙiba a Kolombiya a 2005, ya rame sosai. A 2015 sai da aka sake yi masa wani. Wuƙa tana rage tumbi, amma ba ta yanke hali.

Yanzu mu duba nassinmu. A bakin tafkin Baitasda akwai mutumin da ya shekara 38 yana kwance. Yesu ya warkar da shi nan take. Amma ku lura, Yesu bai ɗauke shi ya kai shi gida ba. Ya umarce shi ya miƙe, ya naɗe shimfiɗarsa, ya taka da ƙafarsa. Warkarwar kyauta ce. Takawar kuwa aikin mutumin ne. Da ya ci gaba da kwanciya, wa zai san an warkar da shi?

Haka ceto yake. Ba mu saye shi ba, alheri ne. Amma da yawa cikinmu an gafarta mana, muna nan kwance a tsohuwar tabarma. A 1 Timoti 4:8 Manzo Bulus ya nuna horar da jiki yana da nasa amfani, ko da yake ibada ta fi shi nesa. Bai ce a yi watsi da jiki ba. A 1 Korantiyawa 6:19-20 ya tuna mana jikin nan mazaunin Ruhu Mai Tsarki ne, ba namu ba ne.

To, ɗan'uwa, in kana jina, ga shawara. Ka fara tambayar likitanka abin da jikinka zai iya, musamman ɗaga kaya masu nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana bukatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato minti 30 sau biyar. Ka fara da minti goma da sassafe, kafin rana ta yi zafi. In kana kusa da filin wasa na Jolly Nyame, ka zaga can. In majami'a ba nisa, ka bar keke Napep, ka tafi a ƙasa. Sannu sannu ba ta hana zuwa.

Ke kuma 'yar'uwa, kada ki yi masa gori a kan filin da aka sayar. Ki sa takalmi ki raka shi. Mu ma 'yan ikkilisiya mu daina yi wa masu ƙiba ba'a. Ba mu san yaƙin da suke yi ba.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, mun gode domin hikimar da ka ba likitoci. Ka ƙarfafa wannan bawa naka ya tashi. Ka tashe mu duka daga inda muka kwanta, cikin sunan Yesu. Amin.

Sai mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda. Ku huta lafiya.