Ranar da na fara shiga cocin Lutheran

Ni ɗan Argungu ne, bautar ƙasa ta kai ni Numan, inda likita Niels Bronnum na Denmark ya fara aikin mishan a 1913, tushen cocin Lutheran ɗin can. Ranar Kirsimeti maƙwabcina ya gayyace ni. Wallahi a ɗarare na shiga. Sai na ji waƙa da wa'azi da Hausa. Aka ce baƙi su miƙe, na miƙe, aka yi min maraba. Babu wanda ya ce in bar addinina.

To, Kiristocin Zuru fa, 'yan jiharmu? Yaushe rabonmu da yi musu barka da Kirsimeti? Ko sai lokacin neman ƙuri'a?