MAJIGI A ƊAKIN HOTO: YADDA AKE SARRAFA HASKE DA INUWA



Na san akwai waɗanda za su ce, me ya haɗa malamin Hausa da fitilun ɗakin hoto? Amsar ita ce, kalma ce ta kai ni. Aikinmu a sashen Hausa ya haɗa da bin salsalar kalmomi, kuma a cikin wannan bi ne na tarar da wata tsohuwar kalma tamu, watau majigi, ta dace daidai da wata na'ura da ta fara yawa a ɗakunan ɗaukar hoto na zamani. Abin da nake so in nuna a wannan lacca shi ne, na'urar nan tana ba mai hoto ikon ajiye inuwa a inda ya ga dama, kuma wanda bai fahimci dalilin inuwa ba, to, zai ɓata fuskar mutanen da suka biya shi kuɗi don ya gyara ta.

ASALIN MAJIGI

Kalmar hoto mun aro ta ne daga Ingilishi, su kuma Turawa suka ƙera ta daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar zane da haske. Masanin Ingila John Herschel shi ya yaɗa ta a shekarar 1839. Majigi kuwa ta samo asali daga sunan da Turawa suka ba wata tsohuwar fitila, wanda ma'anarsa ita ce fitilar sihiri. Ana danganta ƙirƙiro ta ga Christiaan Huygens, mutumin ƙasar Holan, wajen shekarar 1659. Ginin ta ba shi da wuya: akwati ne mai fitila a ciki, a gabanta gilashi mai zane, a gaban wannan kuma gilashin tara haske, wanda za mu kira lensi. Lensin nan shi ke ɗaukar zanen ya jefa shi a bango ya yi girma. Da Turawan mulki suka riƙa yawo da motocin silima gari-gari suna nuna wa iyayenmu fina-finan noma da tsabta, sai sunan tsohuwar fitilar ya bi motar, ya zauna a bakinmu har yau.

Amma tun kafin Huygens da ƙarni shida, Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040, ya riga ya bayyana a cikin Kitabul Manazir cewa haske a miƙe yake tafiya. Ya jera fitilu a wajen ɗaki mai duhu, ya ga kowace ta jefa nata hasken ta ƙaramar kafa zuwa bangon da ke fuskantar ta. Duk abin da zan faɗa a gaba, a kan wannan ƙa'ida ya tsaya.

ME KE SA INUWA TA YI KAIFI?

Kowa a nan ya taɓa zama ƙarƙashin bishiya da hantsi. In kun lura, ganyen da ke kusa da ƙasa inuwarsa tana fita sarai, har a iya ƙirga bakinsa, amma na can ƙololuwa inuwarsa sai ta dusashe. Hausawa na cewa inuwar giginya na nesa ka sha ki, kuma wanda ya je ya sha ɗin zai ga gefenta ba shi da kaifi. Dalili shi ne rana tana da faɗi a sama, kimanin rabin digiri, saboda haka kowane gefe nata yana jefa tasa inuwar, su haɗu su cakuɗe. Gwargwadon nisan abu da ƙasa, gwargwadon yadda cakuɗewar ke ƙaruwa.

Haka abin yake a ɗakin hoto. In fitila tana da faɗi, kamar lema ko akwatin nan mai farin ƙyalle a baki, inuwarta takan yi laushi. In ƙarama ce kuma tana nesa, inuwar takan yi kaifi. Masu fim na dā in suna son inuwar ganye ko ta taga, sai su huda katako su rataye shi tsakanin fitila da bango. Matsalar ita ce, kafin zanen ya fito sarai, dole katakon ya yi nisa da fitila ya matso kusa da bango, watau ana bukatar katako babba da ɗaki mai zurfi. Mai ɗan shago a bakin kasuwa ba shi da ko ɗaya.

BUTUTUN MAJIGI

A nan ne lensi ya shigo. A shekarar 1933, a birnin Niyok na Amurka, Joseph Levy da Edward Kook suka fito da wata fitilar dandalin wasan kwaikwayo wadda aka sa wa suna Leko, daga farkon sunayensu biyu. Tana da madubi a baya mai tara haske a wata ƙofa, da lensi a gaba mai jefa hoton ƙofar a kan dandali. Abin da masu hoto ke amfani da shi yau, wanda na ga ya dace mu kira bututun majigi, shi ne rabin gaba na irin wannan fitila, an cire shi an yi masa gindi yadda za a ɗaura shi a bakin filasha ko fitilar LED. Yawancinsu suna bin irin gindin da kamfanin Bowens na Ingila ya fito da shi, kuma kamfanoni kamar Godox da Aputure da Westcott duk suna ƙera su.

Bututun yana da sassa uku da ya kamata a sani. Na farko, wuƙaƙe huɗu na ƙarfe a bakin ƙofar, sama da ƙasa da dama da hagu, waɗanda ake turawa ciki a yanke haske ya zama murabba'i, ko dala, ko siririn layi kamar hasken da ke shigowa ta tsagar ƙyaure. Na biyu, rami da ake zura wani ɗan faifan ƙarfe mai huji-huji, wanda masu sana'ar ke kira gobo. Shi ne ke ɗauke da zanen. Faifan da aka fi sani faɗinsa milimita 86 ne, akwai kuma ƙarami mai milimita 66, watau bai kai marfin gwangwanin madarar gari ba. Na uku shi ne lensin, wanda ake ja gaba ko baya har zanen ya fito da kaifi, ko kuwa a kauce kaɗan da gangan don ya yi laushi.

Shi lensi yana da faɗin kusurwa, kuma a nan ɗan lissafi yana da amfani tun kafin a kashe kuɗi. Aputure, alal misali, yana sayar da lensi mai digiri 19, da mai 26, da mai 36. In fitila tana da nisan mita 3 daga bango, na farko zai ba da da'ira mai faɗin kimanin mita 1, na biyu kimanin mita 1.4, na uku kuwa kusan mita 2. Saboda haka mai ƙaramin ɗaki da ke son rufe bangon baya da zane, mai digiri 36 ya kamace shi, wanda kuma ke son ɗigon haske a kan ido ko hannu, sai ya nemi mai 19. A kuma tuna, in aka ninka nisan fitila sau biyu, zanen zai ninka faɗi, amma ƙarfin hasken zai koma kashi ɗaya cikin huɗu. Bututun kansa ma yana cin haske da yawa, don abin da ya sami ƙarfen faifan ba ya wucewa. Wannan ya sa raunanan fitilu ba su cika gamsarwa ba.

Akwai abubuwa biyu da ke ba sabon shiga kunya. Lensi yana kifa hoto, saboda haka faifan a kife ake zura shi, kuma in an tura wuƙar sama, inuwar ta ƙasa za ta taso. Na biyu, zane ba ya fita a ɗaki mai haske. In akwai wata babbar fitila da ke malala a bango, za ta cike inuwar ta wanke zanen. Hanyar da ta fi ita ce a kashe kome, a fara daidaita majigin shi kaɗai, sa'an nan a kawo fitila ta biyu mai laushi a ƙara ta kaɗan-kaɗan, a tsaya tun tana ƙasa da majigin sosai. Bango mai ruwan toka ya fi fari riƙe zane da launi.

INUWA DA DALILINTA

Yanzu mun zo kan abin da ya fi damu na. A fim ɗin Double Indemnity na shekarar 1944, mai ɗaukar hoto John Seitz ya jefa inuwar labulen taga mai layi-layi a kan bango da jikin 'yan wasa. Labarin na cin amana ne da kisan kai, kuma layukan nan sun sa mutanen sun yi kama da waɗanda ke bayan ƙarafan kurkuku tun ba a kama su ba. Inuwar tana da aikin da take yi a labarin. Daga baya kamfanoni suka mayar da wannan zane faifai, ana sayar da shi a cikin kwali tare da na taga mai gilashi huɗu da na ganyen itatuwa.

Bara aka kawo mini hotunan bikin wata 'yar 'yar'uwata, waɗanda aka ɗauka a wani ɗakin hoto da ba zan ambaci sunansa ba. Yaron ya sayi bututu sabo, yana ɗoki. Sai ga amarya cikin lalle da kwalliya, an gilma mata layukan nan na kurkuku a fuska, ɗaya ya bi ta kan idanunta biyu ya rufe su. Mahaifiyarta ta duba ta ce, wa ya kulle mini 'ya? Tsohuwar nan ba ta taɓa jin sunan Seitz ba, amma ta karanta inuwar daidai yadda ya nufa. Yaron da ke riƙe da na'urar shi ne bai karanta ba.

Ku ma'aikata kun san hoton fasfo da na katin shaida ba a yarda da inuwa a fuska ba, don manufarsa a gane mutum kawai. Hoton da za a rataye a falo ko a ofis yana da wata manufa, watau ya nuna mutuncin mai shi, kuma a nan ne majigi ke da wurin zama. Sharaɗin farko shi ne a tsare ido. Duk inda zanen zai bi, a tabbata aƙalla ido ɗaya yana cikin haske. Tun da gefen hasken kaifi gare shi, motsin da bai kai faɗin yatsa ba yana iya fitar da ido, don haka sai an zaunar da mutum an yi masa alama, ana duban sa kafin kowane ɗauka.

Sharaɗi na biyu ya shafi fatarmu. Hasken bututu mai tsanani ne, kuma baƙar fata tana mayar da shi kamar madubi a goshi da karan hanci da kumatu, alhali wurin da inuwa ta faɗa yana nutsewa ƙirin. Maganin wannan shi ne a kawo hasken ta gefe maimakon gaba da gaba, a share gumi a shafa hoda, a auna kyamara da ɓangaren fuskar da ke cikin haske, a bar fitila mai laushi ta ɗan buɗe inuwar. Sau da yawa ma abin da ya fi shi ne a bar zanen a bangon baya, a haska fuska da fitila mai laushi ita kaɗai. Seydou Keïta, wanda ya buɗe ɗakin hotonsa a Bamako a shekarar 1948, da hasken rana ya yi yawancin aikinsa, yana rataya zane mai ado a bayan mutum. Ado yana baya, fuska tana sarari, kuma hotunan nan ana nuna su a manyan gidajen tarihi na duniya har yanzu.

ZANEN GIDA

Tun da faifan nan ƙarfe ne kawai mai huji, babu abin da ya tilasta mana tagogin wasu. Muna da inuwar asabari a bakin ƙofa da la'asar, da hasken da ke ratsa zana, da na matankaɗi, da zanen da magina ke yi a fuskar soraye a Kano da Zariya da Damagaram, da aska takwas ta babbar riga, da dagin Arewa. Duk waɗannan ido ya saba da su, mai kallo zai san inda hasken ya fito. Ana iya yanka faifai daga gwangwanin lemo na alminiyam da wuƙa mai tsini, kuma masu yankan ƙarfe da na'ura suna iya fitar da wanda ya fi wannan kyau. Sai dai a kula da abu ɗaya: duk wani tsibiri na ƙarfe da huji ya kewaye zai faɗo, kamar cikin harafin o. Dagin Arewa cike yake da irin waɗannan, don haka sai an bar ƙananan gadoji da za su riƙe su. Kada kuma a kuskura a sa kwali ko leda a gaban fitila mai zafi. Ni da kaina, lokacin da nake karatu a ƙasar waje, na gwada kwali a majigin wani abokina mai tsohuwar fitilar ƙwai, kafin minti ɗaya ɗakin ya cika da hayaƙi. Fitilun LED sun fi sanyi, amma su ma ƙofarsu tana ɗaukar zafi.

NAƊEWA

Ina kira ga ɗalibanmu na sashen Hausa da na sashen zane-zane da na aikin jarida su haɗa kai a kan ayyuka biyu. Na ɗaya, su shiga ɗakunan hoto na cikin gari su tattara sunayen da masu sana'ar ke kiran kayan aikinsu da su, don majigi da bututu da faifai da na yi amfani da su yau shawara ce kawai, bakin masu aiki shi zai tabbatar da su ko ya kawo waɗanda suka fi su. Na biyu, su zana jerin faifai daga adon gine-ginenmu da saƙarmu, su gwada su a kan fuskokin mutanenmu, su rubuta abin da suka gani. Ma'aikatun watsa labarai da na al'adu, waɗanda wakilansu ke zaune a nan, suna da ɗakunan hoto da fitilun da za a iya yin wannan gwaji da su, kuma ina fata za su buɗe wa yaran nan ƙofa.