Dashen Gashi: Kafin Ka Sayar da Bijiminka

Jawabin filin lafiya, daga Buokrom, Kumasi

Gaisuwa ga makiyaya a rugage, da direbobi da 'yan kasuwa da ke jiran takarda a Paga, Hamile, Kulungugu da Aflao.

Abin da ya kawo maganar yau tambaya ce daga wani ɗan'uwa mai harkar shanu a Kaase. Ya ce wani dillali ya nuna masa hotuna a waya: ga mutum da sanƙo tal, ga shi kuma da suma kamar ango. An ce masa ya kawo kuɗin bijimi biyu a kai shi Turkiyya a dasa masa gashi. Yana tambaya, gaskiya ne ko damfara? To, Alhaji, aikin gaskiya ne, amma ba kowane kai ya dace da shi ba, kuma ba kowane hannu ya iya shi ba.

Duk wanda ya ga dashen albasa a Bawku ya fahimci rabin maganar. Ana cire iri daga inda ya yi cunkoso, a kai shi inda babu. Haka likita yake yi: ya ciro saiwar gashi daga ƙeyarka da gefen kai, ya dasa a goshi ko tsakiyar kai. Ba a ƙara maka ko sili ɗaya, naka ne aka raba. Kan mutum yana ɗauke da gashi kimanin 100,000, kuma zubar 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne. Sanƙon gado kuwa, wani sinadarin jikin maza ne mai suna DHT yake ƙanƙantar da saiwar gaba da ta tsakiya har ta daina fitar da gashi. Saiwar ƙeya ba ta cika jin wannan sinadari ba, ko an canza mata wuri. Wani likita a Japan, Shoji Okuda, ya rubuta kan dashen gashi tun 1939, sannan Norman Orentreich na birnin New York ya bayyana wannan sirri na ƙeya a 1959.

Hanya biyu ake bi. Ta farko, a yanko siririyar fata daga ƙeya, a rarraba ta, a ɗinke wurin. Tana barin tabo mai tsawo. Ta biyu, wadda ake kira FUE, a riƙa ciro saiwa ɗai-ɗai da ɗan ƙarfe mai huda, kowace da gashi 1 zuwa 4. Tana barin ɗige-ɗigen tabo. Allurar kashe zafi ake yi, idonka biyu, kuma aikin kan ci wuni guda.

A nan sai a kasa kunne da kyau. Gashinmu na baƙar fata ba a waje kaɗai yake murɗewa ba, har cikin fata saiwar a lanƙwashe take. Hannun da ya saba da gashi miƙaƙƙe yana iya datse ta wajen ciro ta, ta mutu, kuma wadda ta mutu ta tafi ke nan. Na biyu, mu ne muka fi yin tabon nan mai tasowa ya yi tudu, wanda likitoci ke kira kiloyid. In ka san hujin kunne, ko tsagar wanzami, ko ƙaho ya taɓa bar maka tudu, ko kana da ƙurajen ƙeya bayan aski, faɗa wa likita tun kafin ya taɓa ka.

Bari in ba ku labarin mutum biyu da na zauna da su nan Kumasi. Na farko ɗan kasuwar goro ne, ya haura arba'in, sanƙonsa ya daɗe da tsayawa wuri ɗaya. Likita ya auna jininsa, ya duba ƙeyarsa, ya gaya masa gaskiya cewa gaba kawai za a iya rufewa. Ya ce kwana uku goshinsa a kumbure, barci ma a jingine. Cikin wata guda gashin da aka dasa ya zube, hankalinsa ya tashi, ashe haka abin yake: silin ke zubewa, saiwar tana nan. A wata na huɗu ya fara tsirowa, sai da shekara ta zagayo ya ga cikarsa. Yau yana godiya.

Na biyu saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, mai safarar kaya tsakanin Kumasi da Lome. Aure ya matso, abokai na tsokana, ya bi dillali. Ya ce likitan minti kaɗan ya gan shi, wasu ne daban suka yi aikin. Kwana biyar ya koma hanya cikin rana da ƙura, wurin ya yi ruwa. Da ya nemi wanda ya kai shi, waya a kashe. Yanzu ga 'yar suma a goshi, na bayanta kuma ya ci gaba da zubewa, domin sanƙon saurayi bai gama tafiyarsa ba. Ƙeyar ma an kwashe ta fiye da kima, babu irin da za a sake dasawa. Kuɗin aure ya tafi.

Wani abin kuma, ba kowace zubar gashi ce sanƙo ba. Makero a kan yara, maganin sha yake so na makonni. Iyayenmu mata da gefen goshinsu ya cinye saboda kitso mai tsauri, in an sassauta da wuri yakan dawo. Ƙarancin jini, haihuwa, da doguwar jinya duk suna zubar da gashi, ya kuma tsiro da kansa. Saboda haka a fara da likitan fata, kamar a asibitin koyarwa na Komfo Anokye. Akwai magunguna biyu da aka tabbatar: minoksidil na shafawa, wanda Amurka ta amince da shi a 1988, da ƙwayar finasterayid a 1997. Suna aiki ne muddin ana amfani da su. Ƙwayar tana iya rage wa wasu maza sha'awa, kuma mai ciki ba ta ko taɓa fasasshiyarta. Kada a saya a hannun mai talla a tasha.

Wasu sun tambayi hukunci. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Malesiya a 2007, ta sanya dashen gashi ga wanda nasa ya zube cikin gyaran da ya halatta. Amma batun shafar kai a alwala da sujada a kwanakin farko, a tambayi malam da likita tun kafin aiki.

In ka ƙudura sai ka yi, riƙe waɗannan. Nemi cikakken sunan likitan, ka tabbatar yana da rajista. A Ghana, Medical and Dental Council ke rajistar likitoci, HeFRA kuma ke ba asibiti lasisi. Tambaye shi wa zai huda fatar, shi ko yaransa. Ce a haɗa ka da baƙar fata irinka wanda aka yi wa shekara guda da ta wuce, ka ga kansa da idonka, ba hoton waya ba. In kana da ciwon suga, hawan jini ko ciwon hanta, kada ka ɓoye. Ka sani katin NHIS ba ya biyan aikin kwalliya, daga aljihunka ne. Ka kuma lissafa da ranakun zama: makonnin farko ba hula mai matsewa, ba rawani, ba gammo, ba hular kwano, ba yawon rana bayan shanu. In ba ka da mai riƙe maka garke ko rumfa, lokacin bai yi ba. Kuma wa zai duba ka in matsala ta taso bayan ka dawo gida? Wanda bai amsa wannan ba, kada ka ba shi ko sidi ɗaya.

Alhaji na Kaase, kai da ba ka sayen sa sai ka buɗe bakinsa ka ga haƙora, haka za ka yi wa wannan ciniki. Je ka ga likitan fata tukuna, bijimai su ci gaba da kiwo. In ya ce kanka ya dace, madalla. In ya ce bai dace ba, aski da hula ba su taɓa rage wa dattijo daraja ba.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, za mu yi magana kan ciwon hanta da askar wanzami. Masu hanya, Allah ya sauke ku lafiya.